Wasiƙar hannu: fasaha ce, ko kewar da ce kawai ke damunmu?

Tsohon_Hedimasta
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da nake so a tattauna, ko da yake na san wasu za su ce tsufa ne ke damuna. Ni a ganina wasiƙar da aka rubuta da hannu aikin fasaha ce kamar ɗinkin hula: zare ɗaya, allura ɗaya, amma kana ganin hular za ka ce wannan hannun wane ne. Yadda mutum ya danna biro, yadda layinsa ya miƙe ko ya gangara, inda ya soke kalma ya sake wata, girman da ya ba sunanka a sama, har yadda ya ninke takardar, duk magana ce. Wanda ya yi rubutu cikin fushi ba ya ɓuya, biron har huda takarda yake yi. Wanda ya rubuta a gajiye, sai ka ga haruffa suna ƙanƙancewa zuwa ƙasan shafi. Yanzu kuwa ta'aziyya da barka da neman rance duk da haruffa iri ɗaya suke faɗowa cikin waya. To mun yi asarar wani abu na gaske ne, ko kuwa?

Bazazzagiya
Wa alaikumus salam Baba. Mun yi asara mana. Ni tun kafin in buɗe ambulan nake gane wasiƙar yayata, daga yadda take lanƙwasa wutsiyar "y" a adireshi.

Injiniya_Bichi
Baba Hedimasta, Allah ya ƙara girma, amma bari in ɗan ja da maganar. Ku da kuka yi boko da wuri kuna mantawa yawancin wasiƙun da suka yi yawo a ƙasar Hausa ba masu su ne suka rubuta su ba. Tsohuwa a ƙauye za ta aika wa ɗanta da ke ci-rani a Ikko ko Fatakwal, wa ke riƙe biron? Ɗan firamaren maƙwabta, ko malamin unguwa, ko mai rubutun wasiƙa da ya kafa teburinsa a bakin gidan waya ko ƙofar kotu, a biya shi ya rubuta. Idan ta isa can kuma wani ne daban zai karanta masa. To fushin wa za ka gani a dannar biron? Na yaron da aka hana shi zuwa ƙwallo aka zaunar da shi rubutu?

Ummu_Sadiq
Injiniya ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don ni ce magatakardar matan gidanmu tun ina firamare. Gidan yawa ne. Duk ranar da aka ji direba zai tafi Jos, tun da daddare ake kira na ɗaki ɗaki. Gaskiyarka ce hannun nawa ne, amma wallahi ko a cikin rubutuna za ka bambanta wasiƙar kakata da ta matar baffana.

Kakata ba ta faɗar sunan ɗanta na fari, to kuma shi za a rubuta wa. Sai ta ce "rubuta, a gai da mutanen gidan nan na Jos". Ta gai da matarsa, ta gai da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya da sunayen tsokanar da ta sa musu, ta gai da maƙwabcinsu mai shago da ta taɓa gani sau ɗaya a rayuwarta. Sai an kusa cika takarda sannan ta kawar da kai ta ce "shi ma wancan a ce masa ya riƙa cin abinci". Shi ke nan rabonsa a wasiƙar da dominsa aka yi ta. Daga baya matarsa ta gaya mini wannan layin yake fara nema.

Jerin gaisuwa kansa ilimi ne. Wa aka fara ambata, wa aka bari a ƙarshe, wa aka tsallake. Idan aka gai da kowa aka bar facala, ba sai an rubuta cewa akwai 'yar tsama ba, kowa ya gane. Kuma in na gama dole in karanta mata daga farko. Da zarar na gyara mata magana don ta yi daɗin karatu sai ta ce "ba haka na ce ba, mayar mini da abata". Ita za ta ninke da kanta, ta tofa addu'a, a haɗa da ƙullin kuka da daddawa.

Dan_Kurmi
Hajiya ke mai amana ce. Ni kawuna ya zaunar da ni ya ce rubuta wa wane, ka ce masa shi maƙaryaci ne mara kunya, in bai aiko kuɗina ba kafin kaka mu haɗu gaban alƙali. Ni kuma ina jin nauyin mutumin, ɗansa abokina ne. Na rubuta "muna fatan Allah ya sa jinkirin nan alheri ne". Da kawu ya ce karanta mini, na karanto masa zagin da ka. Kuɗi suka zo da goro a kai. Har ya rasu yana cewa ai wane sai da barazana.

Injiniya_Bichi
To kun ji. Shaida ta fito daga bakin Ɗan Kurmi. Wasiƙar ma ba ta isar da abin da aka ce ba, balle yanayin zuciya.

Alaramma_Gwammaja
Allah ya yi muku albarka. Duk kuna maganar biro, alhali kafin biro ya shigo an daɗe ana wasiƙa a ƙasar nan da alƙalamin kara. Shi kuwa alƙalami kowa da irin fiƙarsa. Wani yana son baki mai faɗi, rubutu ya fito da kauri ya zauna daram, wani yana son siriri. Shi ya sa marubuci ba ya son a ari alƙalaminsa, domin bakin ya riga ya saba da kwanciyar hannunsa.

Tawada ma iri biyu ce. Ta allo daga baƙin tukunya ko gawayi ake yin ta a sa ƙaro, ita wannan ruwa na wanke ta, don haka aka yi ta. Ta takarda kuwa da bagaruwa ake dafa ta a jefa guntayen ƙarfe daga maƙera, in ta kama ta kama ke nan. Sannan ga ja na wasali, ga rawaya, ga kore. A wasiƙa ba a cika sa launi ba sai in ana son girmama wanda aka rubuta wa.

Abin da Malam Hedimasta ya faɗa na gane hali a rubutu, a alƙalamin kara ya fi fitowa, saboda tsoma shi ake yi a kurtu. Kana gani inda tawada ta yi kauri, nan ya tsoma, tana tafiya tana shuɗewa har ya sake tsomawa. Mai natsuwa tsomawarsa a daidai take, a ƙarshen magana. Mai gaggawa sai ya matse alƙalami har ya bushe a tsakiyar kalma. Kuma in takarda ta cika magana ba ta ƙare ba, ba a neman wata, takarda tsada gare ta. Juya ta ake yi a bi gefe, wani lokaci har a kife rubutun. Sau da yawa ainihin buƙatar tana can a gefen.

Mu a tsangaya ana gane hannun Barno, ana gane hannun Kano. Duka daga rubutun Magariba suka samo asali, fa'un ɗigonta a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda ya saba da bugun gabas sai ya yi ta tuntuɓe. Duk wanda ya taɓa riƙe Alƙur'ani rubutun Sharu Bala Gabari ya san abin da ake nufi da hannu.

Bazazzagiya
Allah ya gafarta Malam, wannan batun tsoma alƙalami ban taɓa lura da shi ba. Zan duba takardun kakanmu.

Basakkwace
Allah shi gafarta Alaramma. Bari in ƙara da ɓangaren sarakuna, don nan maganar Injiniya ta fi ƙarfi kuma nan ta fi rauni. Sarki bai cika rubuta wasiƙa da hannunai ba, magatakarda ka rubutawa, abin da ka tabbatar da ita hatimi ne. Asalin wannan sunna ce: da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya yi niyyar rubuta ma sarakuna, anka ce mai ba su karanta takardar da ba hatimi, sai ya sa anka yi mai zoben azurfa.

Amma kada a ɗauka don magatakarda ya rubuta babu fasaha. Fasahar ita ce sana'atai. Shi ya san laƙabin da za a jera ma Sarkin Musulmi, da wanda za a ba waziri, da wanda ya ishi hakimi. In na ƙasa ka rubuta ma na sama, sai ya ƙasƙantar da kai ya tsawaita yabo da addu'a. In na sama ne, layi kaɗan sun isa. Wani lokaci ma takardar shaida ce kawai, maganar tana bakin manzo.

Misalai suna nan. Wasiƙun da Muhammadu Bello da Shehu Laminu na Barno sunka yi musaya kan halaccin yaƙar Barno, tun Bello bai zama Sarkin Musulmi ba, ya kawo su cikin Infaƙul Maisuri. Mutum biyu masu ilimi, kowa na sukar hujjar ɗan'uwanai da ladabi mai kaifi. A 1824 kuma Bello ya ba Bature Clapperton wasiƙa zuwa ga Sarkin Ingila George na huɗu. Sannan da Turawa sunka shiga Sakkwato a 1903 sun iske tarin wasiƙu gidan Waziri Buhari, waɗanda sarakuna sunka aiko, wani jami'insu mai suna Backwell ya fassara su anka buga a 1927. Fassarar na da amfani, amma wanda ya ga irin waɗannan takardu da idonai, da hatimi da hannun magatakarda, ya san rabin abin bai shiga fassara ba.

Dan_Zangon_Kumasi
Mu ma Gana muna da hannu a zancen nan. Alhaji Umaru na Karaci, wanda aka haifa a Kano, ya zauna Salaga, ya rasu a Kete Karaci a 1934, tun yana saurayi ya wallafa littafi sukutum da Larabci kan yadda ake rubuta wasiƙa, As-Sarhatul Wariƙa fi Ilmil Wasiƙa. Samfura ne a ciki, yadda za ka rubuta wa kowa gwargwadon matsayinsa. Fataken goro na tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa suna buƙatar wasiƙa kamar yadda suke buƙatar jaki. Ke nan abin koyo ne da ake zama a karanta, ba wai kowa ya ɗauki alƙalami ya yi ta zuba ba.

Injiniya_Bichi
Na gode Ɗan Zango, ka ƙara mini makami. Samfura! Wato kwafa ake yi. Mu ma a boko haka muka taso: "Zuwa ga wane. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke nan lafiya. Dalilin rubuto maka wannan 'yar takarda shi ne." A rufe da "haza wasalam, ni ne naka". Wasiƙa dubu, buɗewa ɗaya. Ina fasaha a nan?

Malama_Hausa
Injiniya, ni da nake koyar da rubutun wasiƙa a sakandare na yarda da kai rabi. Abin da muke koyarwa don jarrabawa, adireshi a dama, kwanan wata a ƙasa, wasiƙar zumunci da ta neman aiki, wannan ƙashi ne babu nama. Amma samfurin nan da kake rainawa shi ke sa a ji saɓani in an saɓa. Mutumin da ya saba buɗe maka da "bayan gaisuwa mai yawa", ran da ya rubuto "bayan gaisuwa" kawai, ya cire "mai yawa", sai gabanka ya faɗi. Wanda ya saba rufewa da "naka har kullum" ya koma rubuta cikakken sunansa da na mahaifinsa, ai ka san an ɓata. Mawaƙin baka ma da amshi ɗaya yake kwana yana waƙa, ba a ce masa mai kwafa.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun yaran yanzu. Tun da jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya a 2015, wasu suna ganin gyara rubutu ɓata lokaci ne. Kuma lanƙwasar ɗ da ƙ da ɓ, wadda hannu ke yi ba wahala, waya ta koya musu zubar da ita, har a takarda ma sun daina sawa.

Dan_Damagaram
Mu nan Nijar lakwal, wato makarantar boko, ta ba rubutu muhimmanci ƙwarai, tsarin Faransa ne. Kaye ɗinmu, wato littafin rubutu, yana da ƙananan layuka tsakanin manya, kowane harafi da iyakar inda zai kai sama da inda zai sauka. Mushe, wato malamin aji, na zagayawa da 'yar sanda. Rubutun haɗe muka koya, ba a ɗaga hannu sai kalma ta ƙare. Iyayenmu ma da tawada shuɗiya mai ɗan ja-ja suka fara kafin biron bik ya zo.

Shi ya sa in wasiƙa ta zo daga dangi na Daura ko Kano, tun daga bayan ambulan muke ganewa, haruffa a rarrabe kowa tsaye da ƙafarsa. Su kuma suna cewa namu tsutsa ce. Har lamba ta sha bamban: 1 ɗinmu da dogon hanci, 7 ɗinmu da ɗamara. Dangi ɗaya, harshe ɗaya, amma hannu ya nuna wanda ya yi maka mulkin mallaka. Wanda bai nuna iyaka ba shi ne ajami, malamin Damagaram da na Kazaure hannunsu kusan ɗaya. A Yamai akwai tarin irin waɗannan takardu a cibiyar binciken IRSH, marigayi Bubu Hama ne ya faro tattara su.

Zee_Baby04
Ni dai ban taɓa samun wasiƙa ba a rayuwata 😂 Amma duk abin da kuke faɗa, fushi, gajiya, kunya, ai saƙon murya ya fi nuna shi. Kana jin numfashin mutum ma. Kuma ba mai karanta maka sirrinka.

Dan_Kurmi
'Yata ai mun riga ku. Kaset ake ɗauka. A tara gida kaf gaban rakoda, kowa ya yi gaisuwarsa, akuya ma ta sa baki, a ba mahajjaci ya kai wa dangi a Makka ko Sudan. Matsalar kawai in kaka ta fara kuka sai fuska ɗaya ta ƙare ba a faɗi abin da ya tara mutane ba.

Tsohon_Hedimasta
Zee, jikata, murya tana da nata, ban musa ba. Amma murya tana fita ne kafin tunani ya gama. Mai wasiƙa sai ya zauna, ya yi ta a takardar banza, ya yage, ya sake, sannan ya kwafe a takarda mai kyau. Musamman shuɗiyar takardar jirgi da ake ninkewa ta zama ambulan da kanta, fili ƙayyadadde ne, ba ka da damar ƙara ko ƙyalle a ciki. Dole ka auna kowace kalma. Wannan aunawar nake kira fasaha.

Bazazzagiya
Ba wanda ya yi maganar wasiƙun soyayya na makarantun kwana? Ko duk kun zama dattawa? Takarda mai fure a gefe, a zana zuciya da kibiya da jan biro, a barbaɗa hoda ko a ɗiga turare kafin a liƙe. Kowane aji akwai mai kyan hannu da ake kai wa kwangila, a biya shi da gari da sukari. Wata rana ƙawata ta samu wasiƙu biyu daga samari biyu, hannu ɗaya, har baitin waƙar ciki ɗaya.

Injiniya_Bichi
Hajiya Allah ya saka. Shaida ta uku ke nan.

Mai_Rediyo_Funtua
Ku bar soyayya, ku zo ga rediyo. Mu mun gyara rubutunmu ne saboda Amsoshin Takardunku na BBC da Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna. An yi imani cewa in hannunka ya yi kyau an fi saurin karanta takardarka, don haka sai ka sayi kan sarki, ka yi layi da rula, ka rubuta sunayen abokai talatin da za a gaisar. Ran da aka ambaci sunanka da garinku daga Landan, ranar ba ka taka ƙasa. Kafin mu kuma akwai masu rubuta wa Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, har sojojinmu da ke Bama lokacin yaƙin duniya na biyu suna aiko mata da wasiƙu. Mahaifina ya ce abin da ya kai shi ajin yaƙi da jahilci da gemunsa shi ne ya gaji da yaro yana sanin asirinsa kafin matarsa ta sani.

Gaskiya_Daci
Duk wannan kukan na me? Ajamin da kuke yabo ai a gabanku aka cire shi daga ƙananan kuɗi a 2007, aka cire daga naira ɗari a 2014. Wa ya yi wani abu?

Shugaban_Zaure
Malam Gaskiya, waccan muhawara an yi ta a nan har an gaji. A tsaya kan wasiƙa don Allah.

Basakkwace
In koma kan wasiƙa, ga wata da ka nuna amfanin ganin hannu da hatimi. Lugard, Baturen da ya jagoranci mamaye Arewa, ya ce a 1902 ya samu wasiƙa daga Sarkin Musulmi Abdurrahman mai cewa babu komai tsakaninsu sai yaƙi, kuma da ita ya kafa hujjar tasam ma Sakkwato. Har yau masana tarihi na jayayya kanta, don fassarar Turanci ce ka yawo, asalin ta Larabci ba a gan ta ba. Da takardar tana nan, da an duba hatimin, an duba ko hannun magatakardan fada ne, an duba ko haka fada ka buɗe magana. Ka ga abin da Injiniya ka kira kwafa shi ne zai raba gardama.

Injiniya_Bichi
Wannan tantancewa ce Malam, ba fasaha ba. Yau sa hannu na kwamfuta ya fi hatimi wuyar jabu. Amma na ji daɗin tarihin.

Likitan_Dare
Ni dai na yi shiru ne don in aka ce rubutu na nuna halin mutum, mu likitoci mun shiga uku. Na rubuta wa mahaifiyata wasiƙa ina hidimar ƙasa, ƙanena ya kasa karantawa, aka kai wa mai kemis.

Hajiya_Mai_Atamfa
Kuna ta raha, amma akwai gefen da ba a faɗa ba. Wasiƙa ba ta mutuwa, kuma wannan ba kullum ne alheri ba. Na san auren da ya lalace saboda takardar da yarinya ta rubuta tun tana sakandare, aka tsince ta a ƙasan akwati bayan shekaru. Hannunta ne, ba ta da bakin musu. Kuma mu mata wasiƙarmu sai ta bi ta hannun ƙane, ko direba, ko shugabar makaranta da ke buɗe ambulan kafin ta ba ki. Shi ya sa muka iya zagaye-zagaye da habaici, ba don muna son adon magana ba, don mun san ido nawa zai gani. In Baba Hedimasta na son ya kira wannan fasaha to, amma tsoro ne ya haife ta.

Ummu_Sadiq
Hajiya wannan gaskiya ce. Ni kaina akwai abubuwan da na rubuta wa matan gidanmu ina yarinya, sai da na yi aure na gane me ake nufi. "A gaya wa Inna ruwan gidan nan ya fara yi mini ɗaci." Ni a lokacin na ɗauka maganar rijiya ce.

Abu_Hanifa_Jos
Tambaya ga Alaramma. Mu an hana mu rubuta Bismillah cikakkiya a saman wasiƙa, wai kada takarda ta faɗi a ƙasa ko a ƙulla ƙosai da ita. Yaya abin yake?

Alaramma_Gwammaja
Masu hanawa tsoron wulaƙanta sunan Allah suke yi, kuma niyyarsu mai kyau ce. Masu rubutawa kuma suna da hujja: wasiƙar Annabi Sulaimanu zuwa ga sarauniyar Saba da Bismillah ta buɗe, yana nan a Suratun Namli, kuma Annabi ya rubuta ta a wasiƙarsa zuwa ga Hiraƙla sarkin Rumawa, wanda ba Musulmi ba ne. Mu dai abin da muka tarar, ana rubutawa, kuma ba a yar da takarda. A soke ta a rufin ɗaki, ko a sa a gafaka cikin littattafai, in ta tsufa a ƙone ko a binne. Wannan ladabin ne ya sa tsofaffin wasiƙu da yawa suka kai yau, a tsakanin ganyen littafi ake tsintar su.

Bazazzagiya
Na je na duba kamar yadda na ce. Akwai guda huɗu da ajami cikin littattafan kakanmu, ɗaya na ɗaga ta a hasken taga na ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar. Amma gefenta ya fara cinyewa, wasu haruffan ma sun huje. In kai a liƙa mata leda irin ta takardun makaranta?

Basakkwace
Kul, Hajiya! Kada ki kai ta ga na'urar leda, zafi da gam za su kashe ta, kuma ba a cirewa. Kada ki sa salatif. Mai wata uku takardar Italiya ce da fatake ka kawowa ta Tarabulus da Masar, tana iya yiwuwa ta daɗe ƙwarai. Hujewar haruffa kuma aikin tawadar ƙarfen nan ce da Alaramma ya faɗa, tana cin takarda sannu a hankali, damshi na ƙara mata sauri. Ki shimfiɗe ta tsakanin farar takarda mai tsabta, nesa da damshi da gara, ki ɗauki hotonta a inuwa gaba da baya. In kina son a karanta miki a kuma ba ki shawara, Gidan Arewa na Kaduna ba nisa da ku.

Zee_Baby04
Anti ki ɗora mana hoton mu gani mana.

Ummu_Sadiq
A'a, kada ta ɗora sai an karanta mata tukuna. Ba ki san ko rabon gado ne ko bashin da ba a biya ba.

Tsohon_Hedimasta
Injiniya, har yanzu ina kan bakata, sai dai Ummu Sadiq da Hajiya sun faɗaɗa mini ita. Ni hannun mai rubutu na kawo, su kuma sun kawo bakin mai faɗa da kunnen mai sauraro. Kai kuma duk shaidun da ka tara, na mai kwangila da na Ɗan Kurmi, ai sun nuna mutane na biyan gari da sukari don a yi musu hannu mai kyau. Ba a sayen abin da ba shi da daraja.

Injiniya_Bichi
Ana sayen jabu ma Baba. Amma zan ba ɗana biro yau in ga ko zai iya cika shafi ɗaya, in ya kasa na dawo mu ci gaba.

Zee_Baby04
To ni yanzu in ina son in gwada rubuta wa kakata a Gumel, ina ake sayen kan sarkin? Kuma wa zai karanta mata?

Dan_Kurmi
Bar kan sarki 'yata, kai tasha ki ba direba. Mai karantawa kuwa ba a rasa ɗan firamare a Gumel, ki dai yi addu'a kada ya zama irina. Kuma ki rubuta lambar wayar wani a bayan ambulan, in ba haka ba tana nan gaban mota har babbar sallah.